Turaren Dakta a Bakin Mayafina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da Baƙuwa ta sauka a garinmu ba. Ko da ma na so in manta, akwai tsofaffi a unguwarmu da suka ɗauki nauyin tuna mini har ranar da ƙasa za ta rufe idonsu.

Baƙuwa suna ne da muka laƙaba wa wata tsutsa da ko kakata ba ta taɓa ganin irinta ba, ita da take cewa ta ga fara ta ga yunwa. Tsutsar nan ba ta tsayawa a kan ganye kamar 'yan uwanta. Can cikin zuciyar masara take shigewa, inda sabon ganye ke fitowa, ta yi ta ci a ɓoye. Kafin ka farga ganyen ya koma rariya. Ga shi shekarun sun yi tsanani: taki ya fi ƙarfin talaka, maganin feshi sai dai a kalle shi a kasuwar Tsanyawa a wuce, rumbunmu kuwa tun kafin marka idan Inna ta leƙa sai ta fito tana salati. Masarar bayan gidanmu ita ce abin da Baba ya dogara da shi ya riƙe mu kafin gero ya nuna. Idan Baƙuwa ta cinye ta, sai dai mu koma tafasa da rama.

Ni kuwa a lokacin na gama sakandare, babu halin ci gaba, don haka na buɗe tawa jami'ar a ƙarƙashin katifa. Littattafan soyayya nake nufi, irin waɗanda ake bayarwa haya ranar kasuwa, bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma. Na haddace dokokinsu tsaf. Saurayi dole dogo ne, wankan tarwaɗa, mai ɗan saje. Budurwa kuma ba ta yin komai, wucewa kawai take yi, sai wani sassanyan ƙamshi ya daki hancinsa, ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya, shi ke nan an gama da shi. (Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa babu wadda ke surfe ko kwashe kashin awaki a cikin littattafan nan ba.)

Nawa dogon kuwa, sunansa Nazifi, mai rumfar cajin waya a Tsanyawa. Ba wani dogo ba ne sosai, amma yana da saje. Sau ɗaya Baba ya aike ni karɓo wayarsa, Nazifi ya miƙo mini ya ce, "Ki gaida Malam." Iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan. A kan wannan gaisuwar na gina gida, na yi masa fenti, har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Ana cikin haka sai malamin gona ya kawo mana baƙi daga jami'a, shugabarsu wata mace da kowa ke kira Dakta. An haife ta a Kano, amma iyayenta mutanen Borno ne, kuma ba sai an faɗa maka ba: idan ta wuce, humrarta sai ta zauna ta yi hira da kai bayan ita ta yi nisa. Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar mai gari, maza a gaba, mu mata daga baya.

"Ba mu zo koya muku noma ba," in ji ta. "Wannan tsutsa mu ma baƙuwarmu ce. Ku faɗa mana abin da kuka gwada, mu faɗa muku abin da muka gwada, mu ga wanda zai ci."

Nan baki ya buɗe. Wani ya ce ya zuba toka da yashi a zuciyar masara, tsutsar ta mutu. Kaka ta ɗaga murya daga bayan taro ta ce 'ya'yan darbejiya idan aka daka aka jiƙa, ko akuya ba ta kusantar abin da aka yayyafa wa. Dakta ta ce duk za a gwada, gona-gona, a ga bambanci. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar jar roba, ba ta fi kan ɗan yatsa ba.

Ta yi bayani cewa iyayen tsutsar wani irin faɗa-wuta ne mai ruwan ƙasa, da magariba yake tashi. Macen tana sakin wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, amma namijin ko yana bayan gari sai ya jiyo, ya taho ba ji ba gani. Wannan ƙamshin aka kwaikwaya aka ɗura a robar. Idan aka rataye ta a tarko, mazan za su faɗa, yawansu kuma shi zai nuna gonar da Baƙuwa ke shirin yi wa ƙwai.

Baba Tanko, maƙwabcinmu, wanda bai yarda da komai ba sai fartanyarsa, ya karɓi robar ya shinshina ta hagu da dama.

"Hajiya Dakta, ni fa ban ji komai ba. Wannan ai murfin kwalbar allura ne."

"Baba, ai da ka ji, da mun saka ka a tarkon," in ji ta. Taro ya kwashe da dariya.

Tarkon da suka zo da shi kaɗan ne, kuma mai tsada. Babana ne ya juya shi ya duba, ya ce wannan ai jarka ce aka yi wa taga. Ya ɗauko tsohuwar jarkar manja ya yanke mata tagogi, aka zuba ruwan sabulu a gindi, aka rataye robar da zare daga murfi. Dakta ta yi ta ɗaukar hotonta kamar ta ga amarya. Aka yi yarjejeniya: tunda toka da hannu ba za su isa kowace gona a lokaci ɗaya ba, duk gonar da tarkonta ya cika, can gayya za ta fara zuwa. Baba ya tsaya wa tsarin nan da ƙarfinsa, har suka yi kwana biyu ba sa gaisawa sosai da Baba Tanko. Tarkon bayan gidanmu kuwa ni aka danƙa wa, wai ni ce mai ilimin boko. Kullum da safe in leƙa, in nuna wa Baba abin da ya faɗa, in sake ruwan sabulu.

To, a nan shaiɗan ya same ni.

Kada mai karatu ya ce ban fahimci Dakta ba. Na fahimta sarai, na san don ƙwari aka yi abin. Amma kullum na leƙa jarkar na ga bayin Allah sun baro inda suke sun zo sun mutu saboda ƙamshi, sai in ji tausayi, in kuma ji wani tunani yana tsiro. Na ce a raina, halitta ai duk ta Allah ce, zuciya kuma zuciya ce. Abin da ya ɗauko wannan daga bayan gari, ya rasa ɗan abin da zai taɓa a zuciyar ɗan Adam? Wai hanci ba ya ji, to ai a littafi ma ba hanci ke ji ba, zuciya ce. Sannan babbar hujjata: wa ya kawo shi? 'Yar Borno. Duk duniya wa ya kai su sanin sirrin turare?

Sai ga bikin Rabi, 'yar kawuna, wadda gidansu ke jingine da dangar gonarmu. Ni ce babbar ƙawa. Da na ji cewa Nazifi na cikin abokan ango, sai na ce shi ke nan, marubucin ya haɗa babin.

Duk macen da ta san turare ta san ba a shafa shi a fita nan take. Sai an turara kaya an rufe a akwati sun kwana suna tsumuwa. Don haka tun ranar sa lalle na lallaɓa gona da sassafe na kwance robar. Don kada Baba ya leƙa ya ga zare babu komai, na yanko gefen wani tsohon jan silifa na ɗaure a wurin. (Har gyara masa baki na yi da reza. A rayuwata ban taɓa yin aikin hannu mai kyau irin wannan ba.) Robar kuma na ƙulle ta a bakin sabon mayafina ruwan hoda, wanda na yi wata da watanni ina saƙa hula kafin in mallake shi, na tura ƙasan akwati na rufe. Na ce aro ne, ana gama biki zan mayar.

Ana gobe ɗaurin aure malamin gona ya zagayo duba tarkuna. Na wasu sun yi baƙi da ƙwari. Namu kuwa ruwa garau, sai wani ƙuda guda da ƙaddara ta kawo.

"Malam, kai Allah ya tsare ka," in ji malamin gona. "Gonarka sai a bar ta ƙarshe."

Baba ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Bai tsaya nan ba, ya shiga gida ya kwaso buhun tokar da Inna ta daɗe tana tarawa, da 'ya'yan darbejiyar da Kaka ta daka, ya ce a kai wa waɗanda abin ya fi shafa. Ina tsaye a bakin danga ina kallo ana fita da su. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna saura kwana ɗaya tak, kuma a littafi babu jarumar da ta taɓa fasa abu saboda toka.

Ranar ɗaukar amarya na yi wanka na yi kwalliya, na fito da mayafin na shinshina. Ban ji komai ba, na ce alhamdu lillahi, yana aiki. Gidan kawu ya cika maƙil, 'yan uwa daga Kunci da Shanono, tukwane na ta tafasa a kan manyan murahu tun safe. Har Dakta ta zo, don Kaka ta aika mata da goron gayyata, tana zaune cikin tsofaffi a kan tabarma tana cin waina.

Bayan sallar magariba aka tayar da janareta, ƙwan lantarki guda ya haska ƙofar gida. Abokan ango suka iso a kan babura. Mu ƙawaye muka tare ƙofar zaure kamar yadda aka saba, ba a fita da amarya sai an sallame mu. Na tsaya a gaba, na gyara mayafi, na karkatar da kai yadda ake kwatantawa, na sa ido a ƙasa.

Wani abu ya taɓa mini kunne. Na kaɗe. Wani ya sauka a kafaɗata. Na ce ƙwarin fitila ne, damina ce.

Da na saci kallo sai na ga Nazifi ya bar cinikin da ake yi, ya zuba mini ido. Ni. Ba ya ko ƙiftawa. Ya taɓa na kusa da shi, shi ma ya juyo. Na ce Allah ya saka wa mutanen Borno da alheri. Ya tako a hankali har gabana, ya ɗan sunkuyo, ya ce, "Malama..."

Na lumshe ido. (A ƙa'ida shi ya kamata ya lumshe, amma na ce bari in taimaka masa.)

"Malama, lafiya kuwa? Kanki fa ya cika da ƙwari."

Na buɗe ido. Ƙwan lantarki na can shi kaɗai kamar maraya, babu ƙwaro ko ɗaya na kirki a jikinsa. Faɗa-wuta ya bar wuta ya dawo kaina. Ta saman danga suke tahowa daga gonar Baba, ayari-ayari, suna zagaya ni suna karkaɗa fukafukai, wasu a goshi, wasu a wuya, wasu sun yi cincirindo a bakin mayafin kamar an zuba musu suga. Ɗaya ya shige mini riga. Duk karkatar da kai da sanyin murya suka tafi, na kurma ihu irin na wadda ta taka wuta, na shiga tsalle ina dukan kaina. Ƙawaye suka watse. Wani abokin ango ya ture babur, babur ya ture na kusa da shi.

"A'uzu billahi! Iska ne!" in ji wata gwaggo.

"Jifa aka yi mata! Yarinya da kyanta, dama na faɗa!"

Amarya da ke kukan al'ada a cikin lulluɓi ta daina kukan ta leƙo. Wata ta rugo da kasko tana turara mini tazargade, wata na tofa mini addu'a har cikin ido. Na fizge mayafin na yi jifa da shi tsakar gida. Abin mamaki, sai yawancin ƙwarin suka bar ni suka bi shi.

Dakta ta taso, waina a hannu. Ta kama ƙwaro ɗaya ta duba fiffikensa a hasken waya, ta kama na biyu, ta kama na uku.

"Ikon Allah," ta ce. "Duk maza ne."

Ta ɗaga mayafin ta bi gefensa da yatsa har ta kai ga ƙullin. Ina kallonta ina roƙon ƙasa ta tsage. Ta kwance, 'yar jar robar ta faɗo tafin hannunta. Ta dube ni, ta dubi samarin da ke ƙofa, na ga leɓenta na rawa tana danne dariya. Ta rufa mini asiri, Allah ya saka mata. Kaka ce ba ta da wannan tausayin.

"Yo ai sun zo!" ta ce, tana tafa hannu. "Ke 'yar nan, kin yi kira an amsa miki, kuma sai ki kama ihu? Wace budurwa ce a garin nan ta taɓa tara samari haka a dare ɗaya?"

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta a ƙashina. Nazifi ya riƙe ciki ya jingina da bango. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. Hayaniya ta fito da maza daga zaure, Baba a gaba. Ya dubi robar a hannun Dakta, ya dube ni, ya yi tambaya cikin murya ƙasa-ƙasa.

"To, mene ne rataye a tarkona?"

Na sunkuyar da kai. "Silifa ne, Baba."

"Me?"

"Silifa."

Wasu suka sake fashewa, amma Baba bai yi dariya ba, Dakta ma ta daina. Ta ce, "Malam, idan wannan yawan daga gonarka suka taso, to matan ma suna can, kuma sun kwana biyu suna ƙwai. Gonarka ce ta farko, ba ta ƙarshe ba." Baba ya juya ya kalli wajen danga inda masararsa ke tsaye, ya ce, "Ga shi na bayar da tokata." Iyakar abin da ya ce ke nan. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na kwana ina kuka, ba irin na littafi mai zubo hawaye ɗaya a kunci ba, na gaske mai majina. Da asuba ina jin motsi a bayan gida na fito. Wanda na fara gani Baba Tanko ne, da bokiti a kai.

"Malam," yake ce wa Baba, "na janye maganata. Jiya na gani da idona. Abin da ya raba faɗa-wuta da fitila ba murfin allura ba ne."

Tokar kuwa daga murahun biki aka kwaso ta. Kwana da kwanaki ana dafa wa jama'a abinci, ta taru tuli a bayan gidan kawu ba wanda ya kula, sai Kaka ce ta tuna. Baƙin Kunci da Shanono da suka kwana, maimakon su nufi tasha sai suka naɗe riga suka shigo gona. Dakta ta nuna mana yadda ake juya ganye a ga ƙwan, a murje shi da yatsa. Mata na tankaɗe toka suna haɗawa da yashi, maza na bin kunya-kunya suna zubawa a zuciyar kowace masara. Waɗanda Baba ya ba darbejiya suka dawo da ragowar. Tsutsotsin sun riga sun ƙyanƙyashe a layukan da ke bakin danga, waɗannan kam mun yi asararsu. Sauran Allah ya sa an riske su da wuri.

Ni aka ba layin da ya fi tsawo. Ina tsugune fuska duk toka, Kaka ta zo ta tsaya a kaina.

"Da kin tambaye ni ai da na hutar da ke," ta ce. "Ranar da kakanki ya fara ganina tallan daddawa nake yi. Har ya mutu bai ce ya ji ƙamshi ba, kuma bai tafi ko'ina ba."

Da hantsi na ga Dakta da Baba da malamin gona sun haɗa kai a kan mayafina, wanda har lokacin ƙwari ke maƙale da shi. Dakta ta ce abin da ya ba ta sha'awa shi ne yadda yadin ya riƙe ƙamshin bayan an cire robar. Robobi sun yi kaɗan, gonaki da yawa ba su da tarko, me zai hana a gwada? Baba ya kira ni.

"Kin yarda a ara?" ya ce. "Aro ne. Irin naki."

A nan na ga gefen bakinsa ya motsa, na san an yafe mini. Da almakashin Inna aka yayyanka mayafina ruwan hoda siri-siri, aka rataya a jarkoki aka rarraba gonaki. Ya yi aiki na 'yan kwanaki kafin ƙamshin ya gushe, kuma daga nan suka koyi rufe tsummoki tare da roba a cikin gwangwani, su tsumu, kamar dai yadda muke yi wa kayan biki. Dakta ta ce in ta tashi ba da labarin gwajin za ta ambace ni. Na roƙe ta don girman Allah kada ta yi.

Mun ci gasasshiyar masara a markar nan, ta kuma riƙe mu har gero ya shigo. Nazifi ya auri wata 'yar Kunci, wadda na tabbata sabulun wanki kawai take shafawa. Har yau in na bi ta gaban rumfarsa da goyona sai ya ce, "Hajiya, ina samarin? Damina ta kusa fa." Tsofaffi kuma sun bar mini suna Amaryar Ƙwari, har 'ya'yana sun ji sun zo suna tambaya.

Littattafai ban daina karantawa ba, kada in yi ƙarya. Sai dai yanzu duk inda na kai wurin da sassanyan ƙamshi ya daki hancin saurayi, nakan ɗaga kai in duba sama tukuna. Kuma na koyi cewa idan za ki roƙi Allah masoya masu zuwa ba ji ba gani, ki daure ki faɗi adadin ƙafafun da kike so su zo da su.